Sai Agogo Ya Yi Kore

Ranar Lahadi bayan an ci abincin rana Makame ya dire kwalaye biyu a kan teburin falo, yana wani ɗaga kafaɗa kamar wanda ya samo maganin ciwon da ya gagari asibiti. Matarsa Tunu ta matso tana hamma. Surukarsa Bi Shinuna kuwa tana bakin ƙofar kicin a kan kujerar kankare kwakwa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ba sai an gaya mata ba, ta san saboda ita aka ɗauko kayan nan.

Laifinta guda ɗaya ne, tashin asuba. Tun tana yarinya a tsibirin Pemba ba ta taɓa bari ladan ya riga ta buɗe ido ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa zaman bene hawa na uku a Dar es Salaam ya canja mata hali da tsufanta ba. Tana idar da salla sai ta ɗora tanda ta shiga suyar vitumbua, wainar nan tamu ta shinkafa da madarar kwakwa, tana 'yan waƙe-waƙenta ƙasa-ƙasa. Jikarta Riziki, wadda saura kaɗan ta cika shekara huɗu, kunne gare ta kamar zomo. Da ta ji cokali ya taɓa tanda sai ta diro daga gado, ta taho ido rabi a rufe, ta haye 'yar kujera kusa da kakarta. A nan ake hirar duniya: mafarkin da ta yi, me ya sa kyanwa ba ta sa takalmi, ko kifi yana jin ƙishirwa. Tsohuwa na kiranta ƙawata, ita kuma tana ce mata Bibi, yadda kowane yaro ke kiran kakarsa. Wata takwas ke nan da rasuwar mijin Bi Shinuna, kuma in ka cire wannan ɗan lokaci na asuba, babu sa'ar da take mantawa cewa ita baƙuwa ce a gidan suruki.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da wainar farko ta fito, Riziki ba ta iya cinta ita kaɗai. Sai ta banka ƙofar iyayenta, ta haye ruwan cikin uwarta tana cusa mata waina a baki. Gaskiya a faɗe ta, Tunu abar tausayi ce. A filin jirgin sama take aiki, wurin karɓar kayan fasinjoji, sau da yawa sai dare ya raba take shigowa gida. Barcin awa uku ba ya riƙe mutum. Makon da ya wuce ta yi gyangyaɗi a kan aiki, ta manna wa jakar wani takardar garin da ba can ya nufa ba, aka ba ta takardar gargaɗi.

"Wannan ƙara take yi," in ji Makame. Ya ciro wata 'yar na'ura mai kama da kwanon sha a kife, ya danna ta. Sai ta fara shuuuu, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. "A ajiye ta kusa da gadon Riziki. Ko ganga ake bugawa a kicin ba za ta ji ba."

Ya buɗe kwali na biyu. Agogo ne kewayayye, an zana masa ido biyu da baki mai murmushi.

"Shi kuma wannan, in za ta kwanta sai a danna masa nan, ya yi ja. Ja na nufin a zauna a gado. Ƙarfe bakwai na cika sai ya koma kore, ta sauko abinta. Mai shagon ya ce mu duba, mu riƙe ɗaya mu mayar masa da ɗaya."

"Mama, ke me kika gani?" in ji Tunu.

Bi Shinuna ta ci gaba da kankare kwakwarta, sai da ta ga dama ta amsa.

"Me zan gani? Ɗaya zai toshe mata kunne, ɗaya zai ɗaure mata ƙafa. Ku da kuka haife ta sai ku zaɓi wanda ba ta buƙata, kunnen ko ƙafar."

"Haba Mama!"

"Danjar titi a ɗakin yarinya. Saura ku ɗauko mata ɗan sanda mai usur ya tsaya a bakin gado."

Makame ya yi dariyar yaƙe. Ba a musu da suruka ido da ido, wannan kam ya sani, tarbiyyarsa ba ta da laifi. Sai da ta fita baranda kwashe shanya sannan ya rage murya ya ce da matarsa, "Tunu, ba zan zuba ido a kore ki daga aiki ba. In wannan ma bai yi ba, in yarinyar nan ta ci gaba da saukowa da asuba, to sai dai Mama ta koma Pemba ta ɗan huta. Ban ga wata hanya ba."

Gidan haya na unguwar Ilala ba ya ɓoye magana. Bi Shinuna ta ji tsaf, da zani a hannunta. Ta koma Pemba ta huta! Ta huta da wa? Da ɗakin da aka fitar da gawar mijinta, da bishiyoyin kanumfari uku da ba ta iya hawa? Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta naɗe zanin, ta ɗauki na gaba ta naɗe. Riziki tana ƙarƙashin tebur tana ba 'yar tsanarta shayi a murfin kwalba, ba wanda ya bi ta kanta.

Tunu ta zaɓi agogo. Ta ce ba ta son 'yar da za a kira ta cikin dare ba ta ji ba, gara a koya mata sanin lokaci. Aka ɗora mai shuuu a saman kabad kafin a sami ranar mayar da ita. Sannan ta zo ta tsuguna gaban uwarta.

"Mama, alfarma ɗaya. Kada ki shiga ɗakinta da safe, kada ki kira ta, ko ta kira ki kada ki amsa. Sai ta fito da kanta. In kika amsa sau ɗaya, duk abin ya rushe."

"Wato ni ma danjar ta shafe ni."

"Ki yi mini alƙawari, Mama."

Bi Shinuna ta dubi idon 'yarta da suka faɗa, ta dubi ƙashin wuyanta da ya fito. Ita ta haife ta, ba za ta ce ba ta gani ba.

"Na yi," in ji ta.

Abin takaici, agogon ya yi aiki. Da ma a ce ya ƙi, da tsohuwa ta sami abin faɗi. Safiyar farko tana cikin suya ta ji gado ya motsa, ta ji 'yar murya ta bayan ƙofa tana cewa, "Bibi, bai yi kore ba." Ta ciji leɓe, ta juya waina, ba ta amsa ba. Safiya ta biyu muryar ta sake zuwa, amma ƙasa-ƙasa. Ta uku ba ta zo ba sam. Bakwai na cika sai Riziki ta fito da gudu, Makame ya manna mata tauraro a wata takarda da ya liƙa a ƙofar firji, ya ɗaga ta sama yana cewa ga babbar yarinya. Kafin nan waina ta huce, gida ya cika da neman takalmi da neman mukulli, ba mai lokacin tambayar ko kifi na jin ƙishirwa. Bi Shinuna ta daina waƙa a kicin. Ba wanda ya hana ta, ita ce dai ta ga ba daɗi ta riƙa jan ran yarinyar da aka ɗaure.

Makame kuwa har hoton takardar taurari ya ɗauka ya aika wa abokan aikinsa na tashar jiragen ruwa. Mutum ya yi nasara a kan 'yar shekara huɗu, ai dole duniya ta ji.

Ranar Juma'a da rana aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai la'asar. Bi Shinuna ta shiga ɗakin Riziki da tsintsiya, ta tarar da agogon yana ta ƙyafta sifiri huɗu kamar mai ciwon ido. Ta yi tsaki. Ba ta ƙaunarsa, amma ba ta iya ganin agogo a tsaye ta wuce. Shekara arba'in ita ke saita agogon bangon gidanta kowace Juma'a, mijinta ma ita ke gyara masa na hannu. Agogon nan nasa ne yanzu a ɗaure a tsintsiyar hannunta, an ƙara wa igiyar huda biyu don kada ya zame.

To, agogon marigayi lissafin gida yake bi, irin wanda muka tashi da shi a bakin teku. Mu daga fitowar rana muke fara ƙidaya. Abin da 'yan ofis ke kira bakwai na safe, a wurinmu ƙarfe ɗaya ne, don awa ɗaya ke nan da wayewar gari. Yaran yanzu suna ɗaura agogon ofis a hannu, su juya lissafin a ka. Tsofaffi irin Bi Shinuna ba su ga amfanin wannan wahala ba, agogonsu abin da bakinsu ke faɗi shi yake nunawa. Ta duba hannunta, ƙarfe goma daidai na la'asar. Ta lalubi maɓallan bayan agogon yarinya, ta yi ta dannawa har ya nuna goma. Ta goge masa fuska da gefen zani, ta ce, "To ɗan sanda, ka ga ban riƙe ka a rai ba." Da lokacin kwanciya ya yi Makame ya danna masa ja yana amsa waya, bai ko dubi lambobin ba.

Asabar Tunu ba ta da aiki. Ta riga ta ce ko gobara ake yi a bar ta ta yi barci. Makame ya yi sammako zuwa kasuwar kifi ta bakin ruwa, don wanda ya makara ƙaya kawai yake tararwa. Bi Shinuna ta yi sallarta, ta soya wainarta, ta rufe da faranti, ta dafa shayi da citta, ta zauna tana jiran ƙarar ƙafafu.

Agogon hannunta ya nuna ɗaya, wato bakwai ɗin su Makame. Shiru. Ta ce ƙila barci ne ya yi daɗi. Rana ta hau baranda, ta kama tukunyar furen Tunu. 'Yan makarantar allo suka wuce ta ƙasa suna hayaniya. Mai tura kurar ruwa ya zo ya yi ta kiransa ya gaji ya tafi. Agogo ya nuna biyu. Ta tashi ta je bakin ƙofar ɗakin, ta ɗora hannu a kan mariƙi, ta tuna alƙawari, ta janye. Ta koma ta ɗumama shayi. Ta sake dawowa, ta sake komawa. Tsohuwa mai jikoki tara, wadda ta karɓi haihuwar rabin unguwarsu a garin Wete can Pemba, ga ta tana safa da marwa a gaban ƙofa tana jiran izinin agogon roba. Da ta tuna haka sai ta ji kunyar kanta, kunyar kuma ta juye ta zama fushi.

Uku ta ɗan gota sai ta ji wani ɗan sauti. Ba kuka ba ne, shessheƙa ce ta wanda ya daɗe yana haɗiye kuka. Ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta tura ƙofa.

Riziki na zaune a bakin gado, ta tattare ƙafafunta sama don kada su taɓa ƙasa. Rigar barcinta a jiƙe sharkaf, katifa ma haka, ɗakin ya ɗauki zarni. Idanunta sun kumbura, kuma ba ta ɗauke su daga kan agogo ba ko da ta ji an shigo. Shi kuwa yana nan ja wur, yana murmushinsa.

"Innalillahi! Ƙawata, me kike yi haka? Sauko maza!"

"Bai yi kore ba."

"Rabu da shi, ƙarya yake. Ba ki ga rana ba? Gari ya waye tun ɗazu."

"Baba ya ce ba rana ake dubawa ba, agogo ake dubawa."

"To fitsarin fa? Me ya hana ki zuwa bayi?"

"Na riƙe, na riƙe, na riƙe. Shi ne ya fito da kansa. Bibi, ban sauko ba. Wallahi ban sauko ba, ko ƙafa ɗaya."

Bi Shinuna ta miƙa hannu za ta ɗauke ta. Riziki ta ja da baya har jikin bango, ta ƙanƙame ƙarfen gado, ta fashe da kukan da take ta tarewa.

"A'a! A'a! In na sauko za a mayar da ke Pemba!"

Tsohuwa ta tsaya cak, hannuwanta a miƙe.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Baba ya gaya wa Mama. In na sauko Bibi za ta tafi. Ni ba na son tauraro, Bibi. Ni ba na so ki tafi."

Ashe kwana shidan nan ba don tauraro ake zaman gado ba. Ashe duk asubar da take juya waina tana jin haushin an raba ta da ƙawarta, ƙawar tana nan a bayan ƙofa ido biyu tana gadinta. Bi Shinuna ta juya ta dubi agogon don ta sami abin da za ta zaga, sai ta ga lambobinsa: uku da minti goma. Ta dubi hannunta: uku da minti goma. Bakwai ɗin da aka ce masa ya jira ta ofis ce, ita kuma ta ɗora shi a kan lissafin gida. Ba zai kai bakwai ba sai azahar. Ita da hannunta ta ƙara wa yarinyar nan awa shida.

Ta kai hannu za ta laluba maɓallan.

"Kar ki taɓa!" in ji Riziki. "In an taɓa ha'inci ne, ba a ƙirgawa."

"To, ban taɓa ba."

Ta tsaya ta yi tunani, ba mai tsawo ba. Ta fita ta dawo da roba da ruwan ɗumi, ta wanke yarinyar a nan kan gado, ta sa mata busasshiyar riga, ta ninka zannuwa biyu ta shimfiɗa a kan lemar. Ta sake fita ta dawo da farantin waina da kofin shayi. Sannan ta cire silifas ɗinta, ta dafa bango, ta hau gadon da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara. Ta jawo agogon da igiyarsa ta ɗora a cinyarta.

"Tunda ke ba za ki sauko ba, ni na hawo. Ci, ƙawata. Ni ma daga yanzu ba na sauka."

Riziki ta ci waina huɗu ba ta numfasa ba. A ta biyar ta tambaya ko agogo yana jin yunwa, aka ce mata ba ya ji, shi ya sa ba shi da tausayi.

Haka Tunu ta tarar da su da hantsi, ta fito tana miƙa, fuskarta ta washe da barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga roba da jiƙaƙƙiyar riga, ta ga idon 'yarta, ta ga uwarta zaune daram a kan gadon yara. Kafin ta buɗe baki aka turo ƙofar falo, Makame ya shigo da ledar kifi yana fito.

"Lafiya? Me ya faru?" Ya leƙo ta kafaɗar matarsa, idonsa ya sauka a kan lambobin agogo. "Kai! Wa ya taɓa wannan?"

"Ni ce," in ji Bi Shinuna.

"Ayya Mama, ai lissafin gida kika sa masa. Shi na ofis ya sani."

"Na gane yanzu. Kuskurena ne, ban ɗora wa kowa ba. Ni na sa ta yi fitsari a kwance, ni na sa ta ji yunwa. Allah ya yafe mini."

"Ba komai, Mama, ai abin sauƙi ne. Kawo shi, minti ɗaya zai yi kore."

Ya miƙa hannu zai karɓa. Ta rufe agogon da tafin hannunta biyu.

"Ba za ka gyara shi ba."

Tunda aka ɗaura auren Tunu, Bi Shinuna ba ta taɓa kallon surukinta cikin ido ba. In tana da magana da shi, ta bakin 'yarta take bi, ko ta faɗa wa bango ya ji. Yau ta ɗago ta zuba masa ido, shi ne ma ya sunkuyar da kai.

"Baban Riziki, ka san abin da ya zaunar da 'yarka a kan fitsarinta tun asuba? Kana tsammanin taurarinka ne? Ƙawata, gaya wa babanki abin da kika gaya mini."

Riziki ta cusa fuska a hammatar kakarta.

"To ni bari in faɗa. Ta ce in ta sauko za a mayar da Bibi Pemba."

Tunu ta dafe baki. Makame ya yi tsuru-tsuru, ruwan kifi na ɗiga daga leda a kan tayil.

"Mama, ni ban gaya mata haka ba."

"Ba ita ka gaya wa ba, a gabanta ka faɗa. Ni ma ba ni ka gaya wa ba, na kuwa ji. Gidanka ne, in ka ce in tafi, jirgin Pemba bai daina tashi ba. Da ƙafata na zo, da ita zan koma, ba sai an ce in je in huta ba. Amma ba za a ɗora wa yarinyar da ba ta iya ɗaura zani ba gadin kakarta. Wannan kam ban yarda ba, ko da za ku fitar da ni yau."

"To ai shi ya sa na ce a gyara, ta sauko, sai mu yi magana."

"Ka gyara ya yi kore ta sauko, me ta koya? Cewa zamana a gidan nan yana hannun wannan abin. Gobe ma ta kwana tana tsoronsa. A'a. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance, da bakinka, yanzu, yana ja. In ba za ka iya ba, mu muna nan har azahar. Ku ɗauko kujera ku taya mu jira, ku ji yadda ake ji."

Tunu ta zame ta zauna a ƙasa jikin ƙofa, hawaye na zuba. "Ni fa, Mama? Ni ina zan sa kaina? Wallahi na gaji. In na sake yin kuskure a wurin aiki, shi ke nan."

Muryar tsohuwa ta yi taushi, amma ba ta motsa daga inda take ba.

"Ke Tunu, wa ke neman barci a gidan nan? Riziki ce? Ita ta ƙoshi da barci tun kiran salla. Ke ce mai nema. To me ya sa ake ba mai lafiya magani a bar mara lafiya? Ga mai shuuu can a saman kabad tana shan ƙura. Ki sauko da ita ki kai ɗakinki, ki kunna a kunnenki, ki sa sakata. Ni kuma ƙawata ba za ta ƙara wuce ƙofar kicin ba sai kin fito. Wainarki a rufe za ki same ta. Wannan laifina ne tun farko da na riƙa barinta tana kai miki, na ga abin sha'awa ne."

Dariya ta ƙwace wa Tunu a cikin kuka. Kwana shida na'urar nan na gidan, ba wanda ya taɓa tunanin babba ma yana da kunne.

Saura Makame. Duk aka zuba masa ido, har Riziki da ta leƙo da ido ɗaya. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son a ga ya iya tsari, kuma irinsu janye magana a gaban mata ya fi musu ɗaukar buhun siminti nauyi. Ya dubi agogon da ya yi ta yabo a wurin aiki. Ya dubi jiƙaƙƙiyar rigar da ke cikin roba, 'yar ƙarama, mai hoton agwagwa. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye ledar kifi a ƙasa, ya goge hannu a wando, ya durƙusa a gaban gado.

"Riziki. Dube ni."

Ta ɗago.

"Baba ya yi maganar banza. Bibi ba ta zuwa ko'ina. Nan ne gidanta."

"Ko na sauko?"

"Ko kin sauko."

"Ko yana ja?"

"Ko yana ja. Ko da asuba, ko yaushe. Sauko, uwata."

Riziki ta dubi agogon da ke cinyar kakarta. Har yanzu ja ne. Ta matso bakin gado a hankali, ta zura ƙafa ɗaya, babban yatsanta ya taɓa tayil. Ta tsaya a haka tana waige-waige, tana jiran ta ga ko wani zai shigo ya ɗauki jakar Bibi. Ba wanda ya shigo. Duk da haka sai da ta kai hannu baya ta damƙi gefen zanin tsohuwa, ta naɗe shi a yatsunta tamau, sannan ta sauke ɗaya ƙafar.